Wace Siga Ce a Kwamfutarka? Fashin Baƙi kan Lambar da Ke Ɓoye a Manhajar Saƙo

Duk mai gyaran kwamfuta da ya san aikinsa, ko a Garwa yake ko a Njamena, idan ka kira shi ka ce WhatsApp ya ƙi buɗewa a kwamfutarka, abin da zai fara tambayarka shi ne: wace siga ce a kai, wato wace fitowar manhajar ce? A nan yawancinmu muke yin turus. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ai WhatsApp ne, mai koren tambari." To koren tambarin nan bai gaya wa kowa komai ba. Manhajar da aka ɗora a 2019 da wadda ta fito makon jiya kusan tambari ɗaya gare su, alhali cikinsu ya sha bamban ƙwarai. Abin da ke raba su wata 'yar lamba ce mai ɗigo-ɗigo a tsakani, tana maƙale a wani lungu na manhajar, kuma duba ta ba ya cin minti guda. A ganina duk wanda abincinsa ya rataya a kan kwamfuta, mai shagon buga takardu ne, ɗalibin jami'ar Marwa ko ta Ngaundere ne, ko ɗan kasuwar da ke jiran takardun kayansa daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya kamata ya iya nemo lambar nan da kansa, ya kuma iya karanta ta.

Dalilin da ya sa lambar take da nauyi a manhajar saƙo fiye da sauran manhajoji mai sauƙi ne. Wanda yake da Word na 2007 zai iya ci gaba da buga wasiƙa da shi har gobe, domin aikin tsakaninsa da kwamfutarsa ne kawai. Manhajar saƙo kuwa rabinta ne a hannunka. Ɗaya rabin yana can a manyan kwamfutocin kamfanin, su ne ke karɓar saƙonka su miƙa wa wanda ka aika wa. Kamfanin kullum cikin gyara nasa rabin yake: yau ya ƙara sabon abu, gobe ya sauya yadda ake kulle saƙonni, jibi ya toshe wata ɓaraka da masu kutse suka gano. Idan naka rabin ya tsaya cak, sannu a hankali sai su daina fahimtar juna. Da farko abin kaɗan-kaɗan yake zuwa: wani ya turo maka saƙo, maimakon ka gan shi sai ka ga sanarwar cewa sigarka ba ta iya nuna irinsa. Daga baya sai a rufe maka ƙofa gaba ɗaya. Wasu kamfanonin ma ba sa ɓoye wannan. Manhajar Signal ta kwamfuta tana daina aiki idan ta kai kwana 90 da fitowa ba a sabunta ta ba. Zoom kuwa duk bayan wata uku yake ɗaga mafi ƙarancin sigar da zai yarda a shiga taro da ita. Mai sayar da kayan gyaran babur ba ya miƙo maka fistan don kawai ka ce masa babur ne da kai, sai ya ji wane iri ne. Haka lambar siga take ga mai gyaran kwamfuta.

A ƙasashen da intanet ke kwarara dare da rana, mutum zai iya shekara goma bai taɓa sanin akwai wata aba wai siga ba, don manhajar tana sabunta kanta yana barci. Mu namu yanayin daban ne. Kwamfutocinmu mafi yawa na gwanjo ne, sun yi zamaninsu a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Wanda ya sayar maka ya ɗora maka manhajoji daga filashin da yake yawo da shi, kuma Allah kaɗai ya san shekarar da aka zuba su a cikin filashin. Intanet ɗin da kake haɗa ta da shi daga wayarka yake fitowa, data ce da ka saya da guminka a MTN ko Orange ko Camtel, ko Airtel da Moov Africa idan a Chadi kake. Don haka abin da mai shago yake fara yi maka, wai taimako, shi ne ya kashe sabuntawa ta kai tsaye, ko ya saita haɗin a matsayin Connexion limitée, wato haɗi mai taƙaita cin data, don kada Windows ya lashe datar cikin dare ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Amma sakamakon shi ne kwamfutar tana tsayawa a ranar da ta baro shagonsa. Mutanen Chadi kuma suna da wani ƙarin tarihi: daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wajen wata 16, hukumomi sun toshe WhatsApp da Facebook da sauran shafukan sada zumunta. A wannan tsakani jama'a da dama suka saba da VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, suka kuma saba da karɓar manhaja hannu da hannu daga abokai. Toshewar ta wuce, sabon bai wuce ba.

Kafin ma a kai ga lamba, akwai tambayar da ta riga ta: me ke kan kwamfutar tukuna? Mutum uku za su iya ce maka suna da WhatsApp a kwamfuta, kowa da abin da yake nufi. Na farko yana buɗe burauza ne, Chrome ko Edge ko Firefox, ya shiga shafin web.whatsapp.com. Wannan shi ne WhatsApp Web, wanda aka fara a Janairun 2015, kuma ba a ɗora komai a kwamfutar ba. Na biyu yana da tsohuwar manhajar kwamfuta da kamfanin ya fitar a Mayun 2016, wadda ake sauke fayil ɗinta a ɗora. Ita ce ta cika filashin masu gyara. Kamfanin ya yi mata ritaya a Windows a 2023, saboda haka duk wanda ya ɗora maka ita yau ya ɗora maka gawa. Na uku yana da wadda ta gaje ta, wadda ta fito a 2022 kuma ake samu ta cikin Microsoft Store, ita kuma sai Windows 10 zuwa sama. Akwai ma na huɗu da ke rikita mutane: Chrome da Edge suna iya mayar da shafin intanet ya zama tambari a fuskar kwamfuta, ka danna ya buɗe a tagarsa shi kaɗai tamkar manhaja, alhali shafin nan ne dai.

Hanya mafi sauri ta rabe su tana cikin wayarka. Buɗe WhatsApp a wayar, ka shiga Appareils connectés, wato jerin na'urorin da ka haɗa da lambar wayarka. Idan ka ga sunan burauza, misali Google Chrome, to shafi kake amfani da shi. Idan ka ga Windows kawai, manhaja ce. Tunda ka riga ka shigo nan, tsaya ka karanta jerin da kyau. WhatsApp yana barin a haɗa na'ura huɗu bayan wayar, kuma sau da yawa mutum zai tarar da kwamfutar wani shagon buga takardu da ya shiga watan jiya don fitar da takarda ɗaya tana nan a haɗe. Cire ta nan take. Wannan ba batun siga ba ne, amma ba zan iya wucewa ban faɗa ba, don na san yadda sirrin gidaje da na kasuwanci ke zubewa ta wannan kafa.

Idan ya tabbata manhaja ce kuma tana buɗewa, aikin ya zo da sauƙi. Kusan duk kwamfutocin yankinmu da Faransanci suke magana, don haka kalmomi biyu za ka riƙe: Aide da À propos. A kwamfutar da ke Turanci su ne Help da About. A WhatsApp na Windows, danna tambarin saiti, wanda ya yi kama da ƙaramin giya mai haƙora, ka shiga Aide, lambar tana nan. A Telegram, danna layuka ukun nan da ke sama ta hagu, ka kalli can ƙasan jerin, za ka ga an rubuta Telegram Desktop da lambarsa da ƙananan haruffa. Signal da Thunderbird duk a ƙarƙashin Aide suke ajiye À propos. A Zoom sai ka danna hotonka ko harafin sunanka a sama ta dama kafin ka ga Aide. A Teams ɗigo uku ne kusa da hotonka, sai Paramètres, sai À propos de Teams. Ma'aikatan ofis masu amfani da Outlook na cikin Office su bi ta Fichier, sai Compte Office, a nan za su ga sunan Office ɗin da lambarsa. Wurin maɓallan yakan ɗan gusa daga siga zuwa siga, amma kalmomin nan biyu ba sa ɓata.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan manhajar ta ƙi buɗewa kwata-kwata, wanda kuma shi ne lokacin da aka fi buƙatar lambar. A nan sai a tambayi Windows da kansa. Hanya biyu ce, kuma rashin sanin bambancinsu ya sa mutane da yawa sun yanke hukuncin da ba daidai ba. Tsohuwar hanya ita ce ka riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows ka latsa R, ƙaramar taga za ta fito a ƙasa ta hagu, ka rubuta appwiz.cpl ka latsa Entrée. Jerin Programmes et fonctionnalités zai buɗe, kowace manhaja da sunan kamfaninta da ranar da aka ɗora ta da lambar sigarta a can gefen dama. Sai dai wannan jerin ba ya nuna manhajojin da suka zo ta Microsoft Store. Mutum zai duba daga sama har ƙasa bai ga WhatsApp ba, ya ce ai babu shi, ya je ya sake ɗora wani a kai. Na Store suna cikin Paramètres, sashen Applications. A Windows 10 ana kiran wurin Applications et fonctionnalités, a Windows 11 kuma Applications installées. Nemo WhatsApp, ka shiga Options avancées, za ka ga lambar a sama.

Akwai kuma manhajar da ba ta cikin jeri ko ɗaya. Telegram yana da nau'in da ba a ɗorawa, kwafe jakarsa kawai ake yi daga filashi a ajiye a kwamfuta, yana aiki daga nan. Irin wannan sai ka je kan fayil ɗin da kansa, ka danna maɓallin dama na maus, ka zaɓi Propriétés, ka shiga Détails. Lambar tana layin Version du fichier. Idan tambarin fuskar kwamfuta ka danna, to gajeriyar hanya ce kawai, sai ka fara zaɓar Ouvrir l'emplacement du fichier don ta kai ka inda ainihin fayil ɗin yake. Wanda hannunsa ya faɗa da kwamfuta zai iya buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta Get-AppxPackage *WhatsApp* ya ga lambar a layin Version, ko ya rubuta winget list ya ga kusan duk abin da ke kan kwamfutar a jeri ɗaya.

Ga wani ƙaramin tarko da ke jiran mai rubuta waɗannan umarni. Kwamfutar da ta fito daga Amurka haruffan jikinta a jere suke QWERTY, amma mai shago ya saita Windows ɗin a kan tsarin Faransa, AZERTY. Sai ka latsa maɓallin da aka rubuta W a kansa, z ta fito a allo. Ka latsa A, q ta fito. Ka nemi ɗigo, wata alama daban ta bayyana. Ka rubuta appwiz.cpl da kyau a ganinka, kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba. Don haka allo za ka riƙa kallo, ba yatsunka ba.

Masu Mac su buɗe Finder, su shiga Applications, su zaɓi manhajar su latsa Command da I. Masu Linux sun san hanyarsu: apt list --installed, ko snap list, ko flatpak list, gwargwadon ta inda manhajar ta shigo.

To an samo lamba. Yaya ake karanta ta? Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke ta kamar lissafin makaranta. A lissafi 5.9 ya fi 5.10 girma. A siga kuwa 5.10 ce sabuwa, domin ɗigon nan rabewa kawai yake yi, kowane yanki lamba ce mai zaman kanta: tara ce da goma. Ana farawa daga hagu. Idan yankin farko ya zo ɗaya sai a duba na biyu, idan shi ma ɗaya ne sai na uku. A al'adar masu rubuta manhaja, na farko yana nuna babban sauyi, na biyu ƙarin abubuwa, na uku gyaran kurakurai, ko da yake ba kowane kamfani ke bin wannan sau da ƙafa ba. Wasu ma kwanan wata suke ɓoyewa a ciki, kuma wannan ya fi yi mana amfani. A WhatsApp na Windows, lambobi biyun da ke biye da 2 na farko suna nuna shekara: wadda ta fara da 2.23 ta 2023 ce, 2.24 ta 2024. Idan ka ga ta fara da 0.3 ko 0.4, to ta 2020 ce ko kafin nan. A Office na zamani, siga 2408 tana nufin watan takwas na 2024. A Windows, 22H2 na nufin rabi na biyu na 2022. Chrome kuwa lamba yake ƙarawa kusan duk mako huɗu, don haka wanda aka bari a baya da lamba goma sha uku ya yi kusan shekara guda ke nan bai motsa ba. Thunderbird ya yi tsalle daga 115 a 2023 zuwa 128 a 2024, kuma ba wai an tsallake ka ba ne, haka lambobin manyan fitowarsa na shekara-shekara suke tafiya.

Wani zai ce, tunda tana aiki, ina ruwana da lamba? Ga amsa. A Afrilun 2025 kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya sanar da wata ɓaraka a WhatsApp na Windows, aka yi mata rajista da lamba CVE-2025-30401. Duk sigar da ke ƙasa da 2.2450.6 abin ya shafe ta. Yadda take shi ne: idan an turo fayil, manhajar tana duba bayanin da ke tare da shi don ta san yadda za ta nuna maka shi, amma idan ka danna don buɗewa sai ta bi ƙarshen sunan fayil ɗin. Mugu zai iya haɗa fayil da zai bayyana a matsayin hoto, alhali ƙarshen sunansa na manhaja ne mai aiki da kanta. Yanzu ka ɗauki ɗan kasuwa a Kuseri da ke jiran motarsa ta tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena. Yaron shagonsa yana gaban kwamfuta, saƙo ya shigo daga wata lamba da ta ce ita ce ta mai fitar da kaya, ga abu kamar hoton takardar kwastan. Yaron zai ce, "Alhaji, ga takardar ta iso." Alhaji zai ce, "Buɗe mu gani, ɗana." Ba wanda ya yi ganganci a cikinsu, abin da kowa zai yi ke nan. A kwamfutar da ke kan 2.2450.6 ko sama da haka an riga an toshe kafar. A wadda ke ƙasa, dannawar nan ɗaya za ta iya tayar da abin da mugun ya dasa. Kwamfutocin biyu a ido ba su da bambanci, saƙo na shiga yana fita a kowacce. Lambar ce kaɗai za ta gaya maka a wanne ɓangare kake. Kuma wannan ba shi ne farau ba: a farkon 2020 an bayyana wata ɓarakar a tsohuwar manhajar kwamfuta ta WhatsApp, a sigogin da ke ƙasa da 0.3.9309, wadda za ta iya ba mai kutse damar karanta fayilolin da ke kan kwamfutar.

Wanda ke amfani da WhatsApp Web bai tsira daga wannan tambaya ba, ta koma kan burauzarsa ne kawai. Shafin yana zuwa sabo duk lokacin da aka buɗe shi, amma burauzar da ke ɗauke da shi tana tsufa. A Chrome, rubuta chrome://version a inda ake rubuta adireshi, layin farko shi ne amsa. Idan ka ga 109, tsaya. Wannan ita ce siga ta ƙarshe da Google ya yi wa Windows 7 da 8.1, a Janairun 2023. Komai yawan dannawar da za ka yi ba za ta wuce nan ba, don matsalar ba a Chrome take ba, a ƙarƙashinsa take.

Wannan ya kawo mu ga lamba ta uku, wadda sauran duka ke zaune a kanta, wato ta Windows. Latsa maɓallin Windows da R, ka rubuta winver. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro. A wannan ranar ce kuma Office 2016 da 2019 suka kai ƙarshen nasu wa'adin. Sigar Windows 10 ta ƙarshe ita ce 22H2, wanda ya ga 1809 ko 1909 a tagar winver ya san an bar shi a baya tun da daɗewa, ko da a cikin Windows 10 ɗin. Da zarar Microsoft ya janye hannu, masu manhajojin saƙo su ma ɗaya bayan ɗaya suke janyewa. Shi ya sa idan za ka nemi taimako, lamba uku za ka aika tare: ta manhajar, ta burauzar idan da ita kake aiki, da ta Windows. Mafi sauƙi ka ɗauki hoton allon da wayarka ka tura.

Wani lokacin kuma lambar lafiyarta lau, manhajar ce dungurungum ta mutu. Microsoft ya rufe Skype a ranar 5 ga Mayu 2025, bayan shekaru sama da ashirin yana aiki, ya ce masu shi su koma Teams. Yahoo Messenger, wanda da yawa daga cikinmu muka fara hira da shi a shagunan intanet, an rufe shi tun Yulin 2018. Manhajar Courrier da ke zuwa tare da Windows 10 ita ma wa'adinta ya ƙare a ƙarshen 2024, aka maye ta da sabon Outlook. Har yanzu za ka ga tambarin Skype a kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwa, an jera shi cikin abubuwan da aka ɗora wa mai saye. Babu sigar da za ta tashe shi.

Kafin a ɗora wa siga laifi, a kalli agogon da ke ƙasa ta dama. Tsofaffin kwamfutoci suna da wani ɗan batir mai kama da kwabo a ciki, shi ke riƙe kwanan wata idan an kashe wuta. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke lantarki sai kwamfutar ta farka a wata shekara da ta wuce. Manhajojin saƙo da burauza ba sa yarda su haɗu da kamfaninsu idan kwanan watan ya kauce, don takardun shaidar tsaron da suke dubawa suna da ranar farawa da ta ƙarewa. Gyara agogo ko sauya batirin kan warware abin da aka yi kwana ana zargin manhaja a kansa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a duk wannan harka shi ne saurin yanke hukuncin fomatin. Mutum ya kai kwamfutarsa ya ce, "Malam, WhatsApp ɗin nan ya ƙi." Ko buɗe ta ba a yi ba sai ya ji, "Alhaji, sai dai a yi mata fomatin." A goge komai, a sake ɗora Windows ɗin da aka cire, a ɗauko filashin nan dai a zuba tsofaffin manhajojin da suka jawo matsalar tun farko. Saƙonnin WhatsApp da sauƙi, tunda suna cikin waya. Amma ma'aikacin da Outlook ko Thunderbird ɗinsa ke sauke wasiƙu ta tsarin POP, wanda kan kwashe su daga wurin kamfanin ya ajiye a kwamfutar kaɗai, zai iya rasa wasiƙun shekaru a wuni ɗaya. Akwai masu gyara na ƙwarai a garuruwanmu, kuma alamar da za ka gane su da ita ita ce suna tambayar lamba kafin su ambaci fomatin. Kai ma idan ka iso da lambarka a hannu, maganar da za a yi maka daban ce.

Saura sanin wace ce sabuwa, don a gwada da wadda ke hannu. Kada ka rubuta sunan manhaja a Google ka danna abin da ya fara fitowa, don sau da yawa talla ce, kuma akwai shafukan bogi da ke kwaikwayon na WhatsApp da Telegram suna raba manhajar da aka cusa wa ɓarawo a ciki. Adireshin gaskiya gajeru ne: whatsapp.com, telegram.org, signal.org, thunderbird.net. Abin da ya zo ta Microsoft Store a can ake sabunta shi: buɗe Store ɗin, ka nemi wurin da aka rubuta Obtenir des mises à jour. Chrome da Firefox da Thunderbird kuwa, buɗe tagar À propos ɗin ma kaɗai yana sa su leƙa ko akwai sabuwa. Idan dole ta sa ka karɓi fayil daga filashin wani, duba Propriétés ɗinsa, ka ga ko akwai sashen Signatures numériques da sunan kamfanin da ya yi manhajar a ciki. Idan babu, bar shi. Duk wani abu mai suna GB WhatsApp ko WhatsApp Plus ba daga kamfanin ya fito ba, lambar da ke jikinsa ba ta da alaƙa da ta asali, kuma kamfanin yana iya dakatar da layin mai amfani da shi.

Batun data gaskiya ne, ba zan ce a bar sabuntawa a buɗe dare da rana ba. Abin da ya fi dacewa da aljihunmu shi ne a ware rana ɗaya a wata, a sayi data ta musamman don wannan ko a je inda ake da wifi, a cire Connexion limitée na ɗan lokaci, a sabunta burauza da manhajojin saƙo tukuna tunda su ne ke karɓar abu daga baƙi, sannan Windows. A rubuta lambar kafin a fara, a sake dubawa bayan an gama kuma an rufe manhajar an sake buɗewa. Da yadda wuta da intanet ke yankewa a wurarenmu, saukewa takan tsaya a tsakiya ba tare da ta ce komai ba, mutum ya tashi yana zaton ya gama alhali lambar ba ta gusa ba.

Wanda winver ya nuna masa Windows 7 ko 8.1 kuwa, zaɓinsa bai wuce uku ba. Idan kwamfutar tana da ƙarfi a ɗaga ta zuwa Windows na gaba, ko da yake Windows 11 yana neman tsarin bit 64 da aƙalla gigabait 4 na RAM da guntun tsaro na TPM 2.0, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocin gwanjo ba su da shi. Idan ba ta kai ba, a ɗora mata Linux a madadin Windows, irin su Mint ko Ubuntu, kyauta ne, kuma sabuwar burauza tana aiki a kansu, da ita WhatsApp Web da Telegram za su buɗe lafiya. Idan wannan ma bai yiwu ba, a bar ta ga aikin buga takardu da lissafi, a cire ta daga jerin Appareils connectés, saƙonni su zauna a waya.